Hancin Ƙofa da Kwanon Dubiya

Hancin ya ja iska, ya yi ɗan tsakin nan nasa, sannan ya kunna jar fitila a saman ƙofa. Ladingo maƙwabciyata ce tsaye da samira a hannu, tururi na fita ta gefen murfi.

"Farfesun ƙafar saniya," in ji Hancin, da muryar nan tasa mai santsi kamar ta mai tallar sabulu. "Kitse ya wuce ƙima. Gishiri ya wuce ƙima. Na wa ne?"

"Na maigidan ne, sarkin sa-ido," Ladingo ta ce. "Ko kai ma za ka sha ne in zuba maka?"

"An rubuta," in ji shi.

Muka yi dariya ni da ita, ta shigo. Da na san abin da ke cikin "an rubuta" ɗin nan, da tun ranar na ɗauko taɓarya na farfasa shi.

Bari in yi wa wanda bai san Birnin Hasumiya ba bayani. Gari ne da aka gina shi a tsaye, benaye suna tsaga gajimare, jiragen igiya suna kai da komo tsakaninsu kamar tururuwa a kan zare. Hukumar Tsawon Rai ce ke riƙe da lafiyar kowa. Su ne suka yi alkawarin cewa duk ɗan garin nan sai ya tsufa ya gaji da tsufa, in dai ya bi abin da suka ce. Don haka suka liƙa wa kowace ƙofa wata 'yar na'ura mai ramuka biyu. Su suna kiranta na'urar tantance abinci, mu kuwa Hanci muke cewa, don aikinta ke nan, shinshine-shinshine kamar karen mahauta. Duk abin ci da zai ƙetare ƙofa sai ta shaƙa, ta san mai, ta san gishiri, ta san sukari, ta tambayi mai shi, ta aika da labari ƙarƙashin ƙasa. A can ne babbar kwamfutar take, wadda ake kira Ma'auni. Ita ke tara abin da kowa ya ci tun daga yaye, ita ke yanke wanda za a yi wa magani da wanda zai jira.

Ni Tabawa ban taɓa zama a aji ba. Wannan ma da kuke karantawa, baki nake buɗewa waya tana mayarwa rubutu. In kun ga zagi a ciki, ba kuskuren wayar ba ne.

Maigidan da Ladingo ta kawo wa farfesu ɗana ne. Ɗan fari ne, ba na faɗar sunansa, ban taɓa faɗa ba, Direba nake ce masa. Jirgin igiya yake tuƙawa, ko in ce yana zama a gabansa, don jirgin kansa yake tuƙa kansa. Ana ajiye mutum a kujerar gaba ne kawai don hankalin fasinja ya kwanta.

Tun kafin damina na ga abin da na gani. Mutumin da ke hawa matakala yana waƙa ya koma yana dafa bango. Takalminsa ya daina shiga, ya sayi silifa ya ce wai zafi ake yi. Barci a zaune, leɓe ya yi duhu. In ka ce masa yaya jiki, sai ya ce da sauƙi, kamar yadda ubansa ya riƙa cewa har ranar da aka ɗauke shi. Namiji a wurinmu ba ya tashi ya je ya ce wa hukuma ga ni na lalace. Abin da ya yi shi ne ya roƙi abokin aikinsa suka yi musanya, ya koma tasha yana jera jiragen da babu kowa a ciki. Ina faɗar wannan ne don kada wani mai baki ya ce ya yi wasa da ran jama'a.

Amma mata suna da ido. Matarsa Sahura ta yi wa Ladingo raɗa, Ladingo ta yi wa na sama da na ƙasa, sai kwanuka suka fara zuwa. Haka muka gada. Ba a jiran mutum ya ce ba shi da lafiya. In an ga ya yi laushi, sai a yanka 'yar kaza ko a samo ƙafar saniya, a dafa da kayan yaji, a kai masa a ce ga wannan ka ɗan kurɓa. Kuma ba a mayar da kwanon dubiya a ce ba a so. Wanda ya mayar da shi ya zagi wanda ya kawo har iyayensa.

Shi kuwa Direba me yake ci? Cokali biyu na romo, ya ture. Sauran baƙi ne ke cinyewa da yaran maƙwabta, ni ma da haƙoran da suka rage mini na taɓa. Amma Hanci ba ya ganin bakin da ya tauna. Abin da ya sani shi ne an ce na maigida ne, ya rubuta.

Bayan damina ta ɗauke Direba ya faɗi a tasha. A asibiti likita ya ce zuciyar ta gaji, sai an sa masa Ɗan-bugu. Wata 'yar na'ura ce kamar ƙwallon dabino, ana cusa ta a ƙirji ta riƙa taya zuciya tura jini. Wanda aka sa wa yakan tashi ya koma harkarsa kamar ba a yi ba. Sai dai ba ta isar kowa, layi ake bi, kuma layin biyu ne. Akwai na gaba, na waɗanda ciwo ya faɗo musu haka nan. Akwai na baya, na waɗanda Ma'auni ya ce su suka jawo wa kansu da bakinsu. Na gaba yana tafiya. Na baya kuwa, ban taɓa jin wanda ya kai ƙarshensa da ransa ba.

Ma'auni ya jefa Direba layin baya. Dalilinsa wai ya duba gidajen garin kaf, ya ga duk gidan da farfesu ya yawaita shiga, ba a jimawa sai a kwantar da mai gidan da ciwon zuciya. Saboda haka farfesu ne ke kawo ciwon. Ɗana kuma, a rubuce, ya sha farfesun da ya isa ɗaurin aure.

Ana iya ɗaukaka ƙara, amma ku ji wulaƙanci. Kafin a bar ka ka yi wa Ma'auni musu, sai ka ci abin da suke kira Gwajin Hankali. Tambaya ɗaya ce, a ga ko kanka ya isa jayayya da shi. Kowa sau ɗaya yake gwadawa. Sahura ce ta fara zuwa, da yake ita ta yi boko. Ta dawo ido jajir, ta zube a gabana.

"Iya, na faɗi. Wallahi na karanta tambayar na gane ta, amma sai na danna kore."

"Mene ne kore?"

"Amsa ce, Iya. Amsoshin launi-launi ne."

"To share hawayenki, ba a gaban mara lafiya ba. Ɗauko mini mayafina."

Ta ɗago ta dube ni. Ta san abin da nake shirin yi ba ƙarami ba ne. Uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a bainar jama'a, ko kuka yake tun yana goye sai dai wata ta ɗauke shi. Shekara da shekaru ina kawar da kai in ya shigo ɗaki. Yau ga ni zan je in buɗe baki a ofis saboda shi. Daga kan gado ya ce, "Iya, ki bari kawai." Na yi kamar ban ji ba, abin da na saba yi masa ke nan.

Ofishin ƙara yana can ƙasan hasumiyar Hukuma. Abin da na fara lura da shi, ƙofarsu babu Hanci. Na tsaya na duba sama da ƙasa, babu. Ina shiga kuwa ƙamshin tsire ya doke ni. Wani saurayi mai ƙiba yana zaune bayan tebur, sunansa Mudansir, yana ta kokawar tura wata takarda mai maiƙo cikin aljihun tebur. Ga ƙuli a gefen bakinsa. A bango kuma an manna hoton dunƙulen lafiya, wannan abin mai launin toka da suke cewa mu ci, wanda ɗanɗanonsa kamar an jiƙa kwali.

"Sannu Iya. Ƙarar wa?"

"Ta Direba, na hasumiyar gabas."

"Sunansa za ki faɗa."

"Ba na faɗa. Ɗan fari ne."

Ya yi dariya har tumbinsa na motsi. "Iya, har yanzu ana wannan? A wannan zamani?"

"Har yanzu ana cin tsire a ɓoye ma, a wannan zamani. Goge bakinka."

Ya goge. Ya latsa wani abu, ya kira sunan ɗana gatsal, na ce shi ne. Ya kai ni wani ɗaki kamar akurki, kujera ɗaya, bango fari, da maɓallai huɗu a gabana, ja, kore, fari da baƙi. Da na ce ban iya karatu ba sai ya ce ba komai, Ma'auni zai karanta mini. Ya jingina a bakin ƙofa yana sakace.

Muryar ta fito daga bango, irin ta Hanci ce sak, sai dai ta fi kauri.

"A wani gari, masu bincike sun ga cewa mutanen da suka fi shan kunun gyaɗa su ne suka fi kwanciya da ciwon zuciya. Sai suka ce kunun gyaɗa ne ke kawo ciwon. Wace magana ce a cikin huɗun nan, in ta tabbata, za ta fi rushe hujjarsu? Ja: mutanen garin suna son ɗanɗanon kunun gyaɗa ƙwarai. Kore: akwai waɗanda ba su taɓa shan kunun ba, amma sun yi ciwon zuciya. Fari: a al'adar garin, wanda aka ga ƙarfinsa ya fara raguwa shi ake dama wa kunun gyaɗa. Baƙi: gyaɗa tana da mai, mai kuma yana toshe hanyar jini."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na ce ya sake, Mudansir ya yi tsaki, na ce masa in yana sauri ga hanya.

Sai na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, don ni ban iya tunani a zuci ba.

Ja dai shirme ne. Ana son kunu ko ba a so, me ya haɗa shi da ko yana kisa? Guba ma in an zuba mata zuma ai za a so ta. Na ture ja.

Baƙi kuwa ba rushe hujja yake ba, tallafa mata yake. In mai yana toshe jini, ai masu binciken sun samu abin da suke so. An ce ka kayar da katanga, ba ka kawo mata tokari ba. Na ture baƙi.

Kore ne ya riƙe ni, kuma a nan na gane abin da ya kayar da Sahura. Mahaifin Direba bai yarda da maiƙo ba duk rayuwarsa, tuwo da miyar kuka ba mai, amma zuciya ce ta kashe shi. Hannuna har ya kai kan maɓallin. Sai na ce, tsaya Tabawa. Wani ya faɗa rijiya ya jiƙe sharkaf, shin wannan ya nuna ruwan sama ba ya jiƙa mutum? Masu binciken nan ba su ce kunu kaɗai ke kawo ciwo ba. Cewa suka yi yana kawowa. Don wani ya samu ciwon ta wata ƙofa, bai wanke kunu ba. Kore gaskiya ce, amma ba ta taɓa maganarsu ba. Na janye hannu.

Saura fari. Wanda ƙarfinsa ya fara raguwa shi ake dama wa kunu. To ai ciwon ne ya riga zuwa, kunun ya biyo shi. Duk gidan da aka shiga da makara za ka tarar an yi mutuwa, amma ban taɓa jin mahaukacin da ya ce makara ce ke kashe mutane ba. Ina kaiwa nan sai na gane. Wannan ai ba wani gari ba ne. Gidana ne. Sun cire farfesu sun sa kunu, shi ke nan.

Na danna fari har da ƙarfin da ya fi ƙima.

"Daidai," in ji Ma'auni. "Abincin na iya zama alamar ciwon, ba sanadinsa ba. Kin ci gwaji. Kina da izinin magana."

Na juya na dubi Mudansir. "Kai, ka ji abin da ya ce? Da bakinsa?"

"Na ji, Iya. Tsohuwar tambaya ce. Ni ma ita aka yi mini da zan kama aiki."

"Ka ci?"

"Kowa a ginin nan ya ci. Ba a ɗaukar wanda ya faɗi."

"Ku duka kun san amsar, shi ma ya sani, amma kuka jefa min ɗa layin mutuwa a kan romo?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Gwaji daban, aiki daban. Ɓangaren da ke yin tambaya ba shi ne ɓangaren da ke raba layi ba. Kuma Iya, Ɗan-bugu ba ya isa. Dole a samu abin da za a rage mutane da shi."

Wallahi haka ya faɗi maganar, kamar mai ba da labarin farashin tumatir. Na juya ga bango, tunda an ce ina da izinin magana, na yi magana. Na faɗa wa Ma'auni abin da dubiya take. Na ce a garin nan ba mai dafa ƙafar saniya ya hau bene da ita don nishaɗi, sai an ga mutum ya yi laushi. Na ce mara lafiya ba ya ma iya ci, sunansa kawai ake kira a ƙofa. Na ce mata ne ke fara ganin ciwo tun kafin likita ya gani, kwanon da Hanci ya shaƙa shaidar ciwo ne, ba shi ke haifar da shi ba.

"Bayani mai amfani," in ji shi. "Haka ya faru a gidanku?"

"Haka ya faru!"

"Ciwon ya riga kwanukan?"

"Da nisa ma. Tun kafin damina yake dafa bango, ƙafa ta kumbura. Kowa a benenmu ya sani."

"Shi ma ya sani?"

"Jikin wa? Ya za a yi bai sani ba?"

Na ji Mudansir ya daina sakace.

"An gyara hukunci," in ji Ma'auni. "Farfesu ba shi ne sanadin ciwonsa ba. An cire shi daga layin baya."

Na ɗaga hannu zan yi hamdala.

"Bisa shaidar mahaifiyarsa, ya san yana da ciwo tun kafin damina, bai sanar da Hukuma ba, ya ci gaba da aiki a tashar jiragen jama'a. Wanda ya ɓoye ciwo ba shi da gurbi a kowane layi. An rufe ƙara."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce jiragen da babu kowa yake jerawa. Na ce jirgin ma ba shi ke tuƙa shi ba. Na ce babu namijin da ke kai ƙarar jikinsa a farkon ciwo, ubansa bai yi ba, kakansa bai yi ba. Na doki bangon da tafin hannu. Fitilar ɗakin ta mutu, muryar ba ta sake fitowa ba.

"Ai da kin tambaye ni, Iya," Mudansir ya ce. "Masu wayo in sun ci gwaji, cewa kawai suke a sake duba lissafi. Sai a matsar da nasu gaba a hankali, kowa ya yi shiru. Ba a yi masa bayani. Ke ce ta farko da ta zauna ta koya masa."

"Kana tsaye a nan kana sakace ka bar ni?"

"Ba a ba ni izinin ba da shawara ba."

Na tara yawu na tofa a kan teburinsa, daidai aljihun da tsiren yake. Masu gadi biyu ne suka fitar da ni, ina zaginsu har bakin jirgi.

Ban iya faɗa wa Direba ba, Sahura ce ta faɗa. Sai ya ce, "Iya ta yi gaskiya ai. Ba ta faɗi abin da ba haka ba." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin bai tsaya a gidana ba. Ma'auni ba ya mantuwa, kuma abin da ya koya a ɗaki ɗaya a ranar yake raba wa kowane Hanci a gari. Aka wanke farfesu, aka ce ba shi da laifi, har aka sanar a allunan tituna wai ci gaban ilimi ne. Waɗanda ke layin baya saboda romo aka kwashe su, aka bi ranar da kwanon farko ya shiga gidan kowa, aka gwada da ranar da ya je asibiti. Duk wanda kwano ya riga shi, ya ɓoye ciwo. Aka share su gaba ɗaya, layi ya gajarce, Hukuma ta yi biki.

Daga nan kwano ya zama abin tsoro. Yanzu in Hanci ya shaƙi farfesu ko kunu an kawo daga wani gida, ba ya cewa kitse ya yi yawa. Cewa yake, "Alamar dubiya. Wa ke ciwo?" Kafin la'asar an aiko a ɗauki mai gidan a auna shi, a dakatar da shi daga aiki. In an samu ciwon ya kwana biyu a jikinsa, to ya ɓoye. Mutane suka daina kaiwa, suka daina karɓa. Mace ta ga maƙwabcinta yana dafa bango sai ta kawar da kai, don kallon ma kada ya zama shaida. Benenmu da ba ya rabuwa da ƙamshin citta da masoro ya koma warin maganin goge ƙasa. Kwanan baya na ji Hukuma na shela wai sababbin masu ciwon zuciya sun ragu ƙwarai a Birnin Hasumiya. Ƙwarai kuwa. Ku je ku tambayi masu haƙa kabari ko su ma aikinsu ya ragu.

Direba yana nan kwance. Da can ɗakinsa ba ya rabuwa da mutane, ana sannu, ana ba'a, ana cinye masa nama a gabansa yana murmushi. Yanzu daga ni sai Sahura. In ya ji takun mutum a waje sai ya juya ido wajen ƙofa, takun ya wuce.

Ran nan na hangi mijin Ladingo a matakala. Ya tsaya a tsakiya yana haki, ya yi kamar yana gyara hula. Na ga silifa a ƙafarsa, na ga yadda ƙafar ta cika ta. Na koma ɗaki. Samirar Ladingo tana wurina tun ranar farko, ban mayar ba. Na san sabuwar dokar Hanci, ba wai ban sani ba, ni na haife ta da bakina. Amma matar nan ta hau bene da kwano saboda ɗana, hannuna ya ƙi zama. Na dafa kaza, na zuba, na rufe, na tafi. Ban kai kusa da Hancinta ba, na tsaya nesa na yi sallama.

Ta buɗe ƙofar kaɗan, ido ɗaya kawai nake gani. Ta ga samirar.

"Tabawa, don girman Allah."

"Kwanonki ne na dawo da shi."

"Da me a ciki? Ina jin ƙamshin daga nan. Matsa baya kada ya shaƙa! Lafiyarsa lau, kin ji? Lafiyarsa lau. Rufa mana asiri ki tafi."

"Ladingo, ni ce fa."

"Na san ke ce. Ki riƙe kwanon, na bar miki."

Ta rufe. Na ji ta jingina da ƙofar daga ciki tana kuka ƙasa-ƙasa. Shekarunmu tare sun fi na auren wasu, ba ta taɓa rufe mini ƙofa ba. Ban ji haushinta ba. Haushin yana wurin waɗanda suka ce za su tsawaita mana rai, suka zauna suka ƙera abin da ya iya warware tambaya amma ya mayar da kwanon romo takardar sammaci.

Ku na Hukumar Tsawon Rai, da ku nake. Na ci gwajinku. Na'urarku da bakinta ta ce abincin bai kawo ciwon ba. Ɗana bai cuci kowa ba, dauriya ya yi irin wadda aka koya masa. Ku mayar da shi layin gaba, ku mayar da duk waɗanda kuka share da maganata, ku ciro wannan ƙazamin abu daga ƙofofinmu. Ba roƙo nake ba. Kun ce mutum sau ɗaya yake ƙara, to wannan ba ƙara ba ce, faɗa ne, kuma zan yi ta yi har sai bakina ya rufe.

Na juyo da samirar tana ƙona mini hannu. A ƙofarmu Hanci ya ja iska, ya yi tsaki, ya kunna fitila.

"Alamar dubiya. Wa ke ciwo?"

"Ka fi kowa sani, la'ananne."

"An rubuta."

"Rubuta."

Direba ya ji muryar Hancin daga ciki. Na tarar ya yunƙura ya tashi zaune, yana gyara wuyan rigarsa, ido a ƙofa.

"Iya, wa ya zo?"

Na ajiye samirar a gabansa na buɗe murfin. Ya gane kwanon. Na kawar da kai kamar yadda na saba.

"Ladingo ce," na ce. "Ta ce tana gaishe ka, ka ɗan kurɓa."

Ya sha cokali biyu, ya ture. Sauran yana nan a rufe, babu wanda zai cinye.